Yadda ake tsara hanyoyin keke da na ƙafa a cikin birni

Duk wanda ya kawo mini zanen hanyar keke, tambayata ta farko ita ce: daga ina zuwa ina? Hanya mai kilomita 2, ga kwalta sumul, ga bishiyoyi a jere, amma ta ƙare a bakin babban titi babu wurin tsallakawa, ado ce kawai. Babu uwar da za ta saki ɗanta a kanta.

Saboda haka kafin ka ja layi ko ɗaya, ka shimfiɗa taswirar birnin ka ɗiga wuraren da jama'a ke zuwa kullum: makarantu, asibitoci, kasuwanni, tashoshi, ma'aikatu. Mai tafiya a ƙafa yakan ci kamar kilomita 5 a awa, mai keke kuma kamar 15, don haka duk wurare biyun da tazararsu ba ta wuce kilomita 5 ba, keke zai haɗa su cikin minti 20. Daga nan ka bar ofis ka fita. Duba inda ciyawa ta mutu saboda yawan taku, da inda aka ɓula shinge, da inda masu keke ke cin hannun da ba nasu ba. Mutane sun riga sun zana maka rabin aikin da ƙafafunsu.

Fili mafi sauƙin samu shi ne tsohon layin dogo, bakin kogi da gefen manyan magudanan ruwa. Layin dogo ba ya da hawa mai tsanani, shi ya sa birnin Atlanta na Amurka ya ɗora zoben BeltLine, hanyar ƙafa da keke mai mil 22, a kan tsofaffin layukan jirgi. Sai dai jirgi ba makaranta yake zuwa ba. Ko ba jima ko ba daɗe sai ka yanki wani abu daga titin motoci, kuma nan ne hayaniya take.

A ganina birnin Seville na Sifaniya ya fi kowa iya wannan. Tsakanin 2006 da 2007 ya shimfiɗa kusan kilomita 80 a haɗe, galibi a wuraren da ake ajiye motoci a gefen titi, ya kuma yi amfani da dakali da turaku ya raba hanyar da motoci. Da an yi ta gutsure-gutsure, kilomita 3 bana, 3 baɗi, da masu adawa sun nuna hanyar wayam sun ce ai ba mai hawa.

Mahaɗar tituna ita ce ke cinye rayuka, kuma a nan zane yakan yi shiru. Ka matse kwanar don dole direba ya rage gudu. Ka ɗaga wurin tsallakawa ya yi daidai da hanyar ƙafa, motar ce za ta hau ta sauka. Idan titin na da faɗi, ka sa tsibiri a tsakiya inda tsoho zai tsaya ya huta, wanda kuma zai ɗauki tsawon keke gaba ɗaya. Kada ka bari a ajiye mota dab da kwana, domin tana ɓoye yaro daga idon direba. Fenti kaɗai ba ya tare mota. A cikin unguwa, inda gudu bai wuce kilomita 30 a awa ba, keke da mota za su iya cuɗanya. Inda ya wuce haka, a raba su.

Hanyar keke mai zuwa da dawowa kada ta gaza mita 3. Hawa kada ya wuce kashi 5 cikin 100, saboda masu keken guragu. A karkata shimfiɗar kaɗan don ruwa ya zurare, a sa fitilu, a dasa inuwa, a kafa ƙarafunan ɗaure keke a ƙofar duk inda hanyar ta kai.

Idan majalisar birni na ɗari-ɗari, a gwada kafin a zuba kankare. Tun 1974 Bogota ta Kolombiya ta fara rufe wasu tituna ga motoci don masu keke, abin da ya zama al'adar kowace Lahadi. Da turakun roba da tukwanen furanni za ka iya gwada titi ɗaya na wata uku. Ka ƙirga masu wucewa kafin gwajin da bayansa, mata da yara daban, domin su ne ke fara ƙaurace wa hanyar da ba su amince da ita ba. Kuɗin shara da facin rami kuma a rubuta su cikin kasafin tun ranar farko, tare da sunan sashen da zai yi.