Yadda za ka yi muhawarar siyasa a intanet ba tare da ɓangaranci ya rufe maka ido ba

Kafin ka rubuta komai, fara yi wa kanka wannan gwajin. Ɗauki maganar da ta ba ka haushi, cire sunan wanda ya faɗe ta ka sa sunan gwaninka a wajen, sai ka sake karantawa. In yanzu ta zauna maka daidai, to dama da mai maganar kake rigima tun farko. Kuma kar ka ce ai marasa ilimi ne ke haka. A 2003 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Geoffrey Cohen, ya ba ɗaliban jami'a bayanin wani tsarin tallafa wa talakawa, wasu aka ce musu 'yan Democrat ne ke goyon bayansa wasu aka ce 'yan Republican, sai yawancinsu suka bi jam'iyyarsu ko da abin da ke cikin tsarin ya saɓa wa ra'ayinsu, da aka tambaye su kuma suka ce su abin da ke cikin takardar suka duba. Wallahi wannan ne ya fi damuna, mutum ba ya ma jin lokacin da abin ke faruwa da shi.

Saboda haka labarin da ya fi yi maka daɗi shi za ka fi tsanantawa bincike. An turo maka sikirinshot wai ɗan takarar da ba ka so ya ce kaza, yatsanka har ya kai kan madannin turawa, to dakata. Nemo cikakken bidiyon ko asalin labarin, duba kwanan wata, don sau da yawa tsohon abu ne aka yanko rabi. Binciken da aka yi a jami'ar MIT a 2018 kan Twitter ya nuna labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma na siyasa ya fi kowanne gudu.

In kun shiga magana da abokin muhawararka, fara da maimaita masa abin da ya ce da bakinka. Misali ya rubuta gwamnati ta gaza a harkar lafiya, kai kuma kana goyon bayanta. Maimakon "nawa aka biya ka", rubuta masa: "In na fahimce ka, kana nufin asibitoci sun fi lalacewa yanzu a kan da, ko kana nufin ba a cika alƙawarin da aka yi ba?" Waɗannan magana biyu ce daban, kowacce da irin hujjarta, kuma za ka ga mutumin da ya shigo da zafi ya ɗan sauko don ya ga an saurare shi. Sai ku riƙe guda ɗaya ku gama da ita. Kar ka yarda da "to naku fa me suka yi", kai ma kar ka yi, don da zarar an shiga nan an bar batun ke nan, sai jera laifuka har gari ya waye. In ya kawo hujja mai ƙarfi ka ce masa nan kam ka yi gaskiya. Ba ya nufin ka bar jam'iyyarka.

Ka kuma san a wane fili kake. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna akwai lokacin da Facebook ke ba alamar fushi, da sauran alamomin irinta, nauyin layik biyar wajen zaɓen abin da zai nuna wa mutane. Wato rigima ce ke jawo ido, kuma a gaban 'yan kallo da sojojin baka ba mai son a ga ya sauka daga kan bakansa. In da gaske kana son ku fahimci juna, ja shi inbos ku yi ta ku biyu.

Wasu na cewa maganin abin shi ne ka yi ta bibiyar 'yan ɗaya ɓangaren. Ni dai ina ganin sai an zaɓa. A 2018 wani masanin zamantakewa a Amurka, Chris Bail, da abokan aikinsa sun sa mutane bibiyar saƙonnin ɓangaren da ba nasu ba a Twitter na wata guda, 'yan Republican ɗin da ke ciki sai ma suka ƙara kafewa. Nemi mutum biyu ko uku a can ɓangaren masu kawo hujja ba zagi, su za ka riƙa karantawa.

In kuma kai ne admin na guruf, rubuta doka a kan hali, kamar zagi da turo labari ba tushe, ka liƙa ta a sama kowa ya gani. Ranar da ɗan ɓangarenka ya karya ta, goge nasa saƙon a gaban kowa kamar yadda ka goge na wancan, ka kuma faɗi dokar da ya karya.