Kurakuran da aka fi yi wajen karanta taswirar galaksi

Duk ɗalibin kimiyya a nan Maradi, in yana da kwamfuta da intanet, zai iya sauko da bayanan SDSS (wani shiri na zana taswirar samaniya da na'urar hangen nesa) kyauta, ya ga yadda galaksi, wato manyan tarin taurari, ke cunkushewa a wani wuri, wani wurin kuma fayau. Samun bayanan ba wuya, wajen fassara su ne ake tuntuɓe.

Da yawa suna haɗa abu mai duhu da makamashi mai duhu kamar ɗanjuma ne da ɗanjummai. Ba haka ba ne. Na farko, wajen kashi 27 cikin ɗari na sararin samaniya, janyowa yake yi, shi ke tara galaksi wuri guda. Tun 1933 masanin taurari Fritz Zwicky ya hango alamarsa a gungun galaksi da ake kira Coma. Na biyu, wajen kashi 68, shi ke ƙara saurin buɗewar samaniya, kamar yadda aka gano a 1998. Idan ya yi rinjaye, taruwar takan ja baya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar haske a matsayin nauyi. Wanda ya bi hanyar Zinder da dare zai ga fitilun garuruwan da ke da lantarki, ƙauyukan da ke cike da jama'a kuwa ba zai gan su ba. Galaksi masu haske sun fi zama inda abu mai duhu ya fi kauri, saboda haka cunkosonsu ya zarce na ainihin nauyin. Gyaran shi ne a saka ma'aunin wannan bambanci cikin lissafi, kuma kowane irin galaksi da nasa: jajaye sun fi shuɗaye taruwa.

Sai wuraren da suka fito babu komai. Wani lokaci na'urar ce ba ta leƙa can ba, ko ƙurar galaksinmu ta tare. A ƙirƙiri ɗigogi barkatai a daidai filin da aka duba, a kwatanta da su kafin a ce an ga giɓi.

Karkatar haske zuwa ja, wadda da ita ake ƙiyasta nisan galaksi, ita ma ba nisa ba ce zalla. Galaksi na da nasu motsin, shi ya sa gungu kan fito a taswira a miƙe kamar yatsa yana nuna mu. Kada a yi watsi da wannan, domin da irin wannan gurɓacewar ake auna saurin taruwa.

In makamashi mai duhu kake bi, nemi wata tazara ta kimanin shekarun haske miliyan 490, inda galaksi bibbiyu masu wannan nisa a tsakaninsu suka ɗan fi yawa, wadda aka gano a 2005, domin da ita ake auna buɗewar samaniya. Ƙaramin tudu ne a jadawali, kuma galaksi dubu ɗaya ko biyu ba za su fito da shi ba.