Darasi na 7: Tafiyar Ƙafa da Ciwon Suga

Idan mun ci tuwo ko shinkafa ko fura, jiki yana mayar da su suga, sugan ya shiga jini. Daga jini kuma tsoka za ta ɗauka ta ƙona, mu sami ƙarfi. Amma tsoka kamar gida ce mai ƙofa a rufe. Akwai wani sinadari, sunansa insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take yi. Shi ne mai sallama a zaure. Ya yi sallama, a buɗe, suga ya shiga.

Yawancin manya masu ciwon suga ba su rasa insulin ba. Yana nan, yana ta sallama, masu gida ne suka yi kunnen ƙashi. Sai suga ya taru a jini, mutum ya riƙa yawan fitsari da ƙishirwa da kasala. Kitsen ciki yana ƙara wannan taurin kunne, domin yana fitar da wasu sinadarai da ke hana tsoka amsawa. Teɓa ba alamar hutu ba ce kamar yadda muke ɗauka.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Tsokar da ke aiki tana buɗe ƙofa da kanta, ko ba a yi sallama ba. Bayan an gama aikin kuma takan ci gaba da jin sallamar insulin har kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan ta koma gidan jiya. Shi ya sa ba a so a haɗa fiye da kwana biyu a jere ba a motsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sami aƙalla minti 150 a mako. Minti 30 ke nan, kwana 5.

Da damina ba mu da matsala, fartanya tana yi mana. Rani ne abin tsoro: an kai amfani rumbu, sai dakali da shayi, ko masallacin Juma'a ma a kan babur. Ku ɗauko keke, ko ku taka da ƙafa da sauri, yadda numfashi zai ɗan ɗaga amma kuna iya magana. Mata kuma da injin niƙa ya hutar da su, akwai surfe, da shara, da kewaya tsakar gida na minti goma bayan tuwon dare.

Wanda ke allurar insulin, ko yake shan ƙwayar da ke saukar da suga da ƙarfi, kada ya fita da yunwa. Ya sa dabino uku a aljihu. Da ya ji rawar jiki da gumi da jiri, ya zauna ya ci. Kada mai ciwon suga ya taka ƙasa ba takalmi, domin ƙaya kan soke shi bai ji ba. Ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare. Kuma motsa jiki ba ya sa a ajiye magani sai da izinin ma'aikacin lafiya.

Aikin gida: ku rubuta sunayen ranakun mako a littafinku. Gaban kowace rana ku rubuta minti nawa kuka yi tafiya, ku haɗa jimla, ku zo da ita aji.