Yadda za ku fitar da jesin kulob ɗin unguwarku ba sai kun ari na Turai ba

Duk gasar unguwa da aka buɗe a Kano sai ka ga tim uku sun shigo da jesin Madrid biyu da na Barcelona, a tsaya ana cacar baki kan waye zai juya rigarsa. Abin nan yana damuna gsky, don yanzu fitar da jesi naku na kanku bai fi ƙarfin karo-karon 'yan wasa ba in an san yadda za a bi.

Ku fara da bajo. A 2017 Juventus ta ajiye tsohon bajonta ta koma harafin J kawai, Inter ma ta rage nata a 2021, dalili shi ne yanzu a waya ake fara ganin bajo kafin a ganshi a ƙirji. To mai dizayin in ya kawo muku zaki da ƙwallo da taurari biyar da Dutsen Dala duk a wuri ɗaya, ku sa shi a DP na WhatsApp ku duba, in ba a gane komai to a rage, abu ɗaya da sunan unguwa ya isa. Amma kar ragewar ta yi yawa, Puma ta gwada cire bajo daga ƙirji a wasu riguna a 2021 ta rubuta suna kawai, magoya bayan Dortmund ba su yarda ba sam.

Zanen jiki kuma nan ne maganar take. Kowa ya tuna rigar Super Eagles ta gasar duniya ta Rasha 2018, mai zanen fuka-fukin nan kore da fari da baƙi a hannu, wadda aka yi ta layi a Landan ana saya har ta ƙare ranar da ta fito, Nike daga rigar 1994 ta ɗauko ta, sannan ta 2020 daga aikin babbar riga aka ɗauko zanenta. Wato manyan kamfanoni gidanmu suke leƙowa mu kuma muna can muna kwafar Chelsea. Haba jama'a. Ga dagin Arewa, ga aska takwas ta babbar riga, ga shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata, ga zanen bangon gidan Sarki. Ku zaɓi ɗaya tak, a sa shi a gefen riga ko bakin hannu ko a watsa shi sama-sama cikin kalar yadin yadda sai an matso za a gani, wannan wlh ya fi kyau kuma ba ya cinye lamba.

Kala biyu, in ta yi yawa uku. Pillars daga nesa kore da ruwan ɗorawa ka san masu gida ne. Fari tas kar ku soma in filinku na ƙasa ne, baƙi kuma a zafin Afrilu azaba ce.

Wajen bugu ku tambayi mai shago ƙarara, sabilimeshan zai yi ko mannawa. Sabilimeshan kalar tana shiga cikin zaren yadin ne da zafi, shi ya sa ba ta ɓarewa, amma sai a farin yadin foliyesta take kamawa, auduga ba ta yi. Mannawa ta fi araha in riguna kaɗan ne, sai dai bayan 'yan wanki za ka ga lamba 7 ta fara ɗagowa ta baki. Kar ku biya kuɗi duka sai ya buga guda ɗaya, a wanke ta da omo a shanya a rana, a ja wuyan a ga ko zai koma. In yadin da kanku za ku sayo a Kwari ku ɗaga shi sama, mai 'yan ƙananan huji ya fi shan iska.

Sai sifonsa, wato mai ɗaukar nauyinku a sa tallansa a riga. Tun 2017 Firimiyar Ingila ta yarda a sa talla a hannun riga, to ku ma mai shagon unguwa da ya taimaka a ba shi hannu, ƙirji a bar wa wanda ya ɗauki rabin kuɗin. Kamfanin caca dai ku bar shi ko nawa zai bayar, su kansu kulob ɗin Firimiya sun amince su cire shi daga gaban riga daga kakar 2026.

Gola kalarsa daban, ku buga ƙarin riga uku ba suna saboda sababbin 'yan wasa, kuma kyaftin ya karɓi fayil ɗin dizayin ya ajiye a wayarsa, don baɗi in za a ƙara bugu kar a ce sai an sake zanawa.