Yadda ake daidaita tsayin farantin ɗaura tirela a bayan a-kori-kura

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kan tirela bayan an cire mata bodi ya ga wani faffaɗan farantin ƙarfe mai tsaga kamar kofaton doki, ya sha giris ya yi baƙi. Shi ne Turawa ke kira taya ta biyar, kuma akwai ƙaraminsa da ake kafawa a cikin bodin a-kori-kura, irin wanda kamfanonin Amurka kamar Curt da Reese da B&W ke ƙerawa. A ƙarƙashin wuyan tirela akwai turken ƙarfe mai kaurin inci 2 wanda ke shiga tsagar farantin, haƙoran ƙarfe su kulle shi. Kafa farantin ba shi ne abin wahala ba, domin ana ɗaure shi ne da kusoshi a jikin shasi, daidai saman aksil na baya ko ɗan gaba da shi kaɗan. Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen zaɓar tsayinsa, musamman idan an bar ido ya yanke hukuncin da tef ɗin awo ya kamata ya yanke.

Abu biyu ake nema a lokaci guda. Na farko, tirelar ta miƙe daidai idan an ɗaura ta, kada gabanta ya ɗaga sama kuma kada ya duƙa. Na biyu, a sami tazarar da ba ta gaza inci 6 ba, wato kusan santimita 15, tsakanin saman gefen bodi da ƙarƙashin wuyan tirelar. Wanda zai riƙa shiga hanyoyin gonaki na wajen Bokkos ko Mangu, inda mota ke karkata gefe guda tirela ta karkata ɗaya gefen, gara ya nemi inci 7 ko 8, saboda a irin wannan murɗawar ce wuyan tirela ke sauka a kan bodi ya lanƙwasa shi.

Za a fara da neman wuri mai shimfiɗa, wanda a Jos ba kowace harabar gida ke da shi ba. Daɓen siminti na gareji ya fi ƙasar da ruwan sama ya zaizaye. A sa wa tayoyin tirela waigi gaba da baya, a duba iskar tayoyin mota da na tirela, sannan a yi amfani da ƙafafun gaban tirelar a ɗaga ta ko a sauke ta har sai ta miƙe. Ma'aunin ruwa irin na magina yana taimakawa, amma abin da ya fi tabbas shi ne a auna daga ƙasa zuwa shasin tirelar a gaba da kuma a baya, a ga lambobin sun zo ɗaya. Daga nan sai a auna daga ƙasa zuwa shafaffen ƙarfen da turken ke manne da shi, domin shi ne zai zauna a kan faranti. A auna kuma daga ƙasa zuwa daɓen bodin motar, daidai saman aksil. Bambancin lambobin biyu shi ne tsayin farantin a ƙiyasin farko.

A ƙaddara an sami inci 48 a wajen tirela, inci 34 a wajen mota. Lissafi ya ba da 14, amma wanda ya ɗaure a 14 zai ga gaban tirelarsa ya duƙa, domin ya auna mota ce wadda ba ta ɗauki komai ba. Nauyin da turke ke ɗora wa mota yakan kai kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta, don haka tirela mai kilo 4,000 za ta danna bayan mota da kilo 600 zuwa 1,000. Idan sifirin ya zauna da inci 2, daɓen bodin ya koma 32, tsayin da ake bukata ya zama 16. Masu Hilux su lura a nan cewa abin da motarsu ke iya ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, kuma a cikinsa ake lissafa direba da fasinjoji da nauyin farantin kansa. Daidaita tsayi ba ya ƙara wa mota ƙarfin da ba a ƙera ta da shi ba.

Ƙafafun farantin suna da jerin huji, kuma a yawancin samfura ana iya matsar da kan farantin tsakanin wajen inci 13 zuwa 18. A zaɓi hujin da ya fi kusa da lissafi, a tabbatar hagu da dama suna layi ɗaya, a ɗaure kusoshin da sifana mai auna ƙarfin ɗauri gwargwadon adadin da takardar kamfanin ta faɗa. Ban yarda da huda sabon rami ko yin walda a ƙafafun don samun rabin inci ba, ko da mai waldar gwani ne, tunda ƙarfen nan shi ke riƙe tirela duka a lokacin taka birki.

Sai a ɗaura a sake awo, wannan karon da kaya irin waɗanda za a riƙa ɗauka. A sauke murfin bayan bodi, a saita tirelar ta yadda ƙarfenta zai ɗan yi ƙasa da saman farantin, kamar da rabin inci, domin idan mota ta yi baya ya hau farantin da kansa. Idan tirelar ta yi sama da yawa, turken na iya zama a kan haƙora maimakon cikinsu, ya yi kamar ya kulle alhali bai kulle ba. A haska tocila a ga babu rata tsakanin ƙarfen biyu, a sa makullin hannun farantin, a ɗaga ƙafafun tirela kaɗan kawai daga ƙasa, a riƙe birkinta a ja mota gaba a hankali don gwaji.

A wannan awon na biyu ne mutane da yawa ke karo da matsalar da huji ba ya warwarewa. Muddin tirela tana miƙe, tazarar da ke tsakanin wuyanta da gefen bodi ta dogara ne kawai ga tsayin wuyan daga ƙasa da tsayin bodin daga ƙasa. Ɗaga faranti yana ƙara tazara, amma da ɗaga gaban tirela yake yin hakan, kuma sauko da akwatin turken, wato ƙarfen da ke riƙe turken a wuyan tirela, a nasa hujin sakamako ɗaya yake bayarwa. Sababbin motoci masu dogon bodi, da waɗanda aka sa wa manyan tayoyi, su suka fi shiga wannan hali. Idan dole a zaɓa, tazarar ce gaba, kuma ɗagawar gaba da inci 1 abin haƙuri ne. Fiye da inci 2 kuwa yana mayar da nauyi kan aksil na bayan tirela, tayoyinsa su yi zafi su cinye da wuri, na gaba su yi sakayau su riƙa ja da ƙasa idan an taka birki, abin da babu direban da zai so a gangaren Hawan Kibo. Maganinsa shi ne a ɗaga tirelar kanta, ta hanyar mayar da sifirin saman aksil idan a ƙasa yake, ko a mayar da mota tsayinta na asali.

Bayan an gamsu, a juya motar a hankali a fili, wani yana tsaye yana kallon kusurwar tirela da gilashin bayan direba, domin gajeren bodi yakan bukaci faranti mai zamewa baya. A auna tsayin tirelar daga ƙasa zuwa ƙololuwarta a rubuta a manna kusa da sitiyari saboda gadoji da wayoyin lantarki, sannan a sake bin kusoshin da sifana bayan tafiyar farko.