Yadda ake neman makewayi da Turanci cikin ladabi

'Yan'uwa masu shirin fita waje, ku sani cewa "I want to ease myself" da muka saba ji a Najeriya ba kowa ke gane ta a can ba. A Amurka "Excuse me, where is the restroom?" ake cewa, domin kalmar "toilet" tana yi musu nauyi a kunne, alhali a Ingila ba laifi ba ce, mutanen Kanada kuwa "washroom" suka fi faɗa. Idan kun baƙunci wani, ku ce "May I use your bathroom?" A wurin cin abinci kuwa, ni na fi son "Excuse me for a moment", wadda ta yi daidai da namu "bari in kewaya".