Yadda za ka gane irin kamun da ligan mai haƙora da yawa ke yi wa ƙarfe

Ɗalibaina na kimiyyar sinadarai a nan Samaru sukan ƙirga haƙoran ligan, wato ƙwayar sinadarin da ke kama atam ɗin ƙarfe, su ajiye biro. Ƙirgar tana da kyau, amma rabin aiki ce.

Fara da ita dai. Zana ligan ɗin, ka zagaye duk atam da ke da tagwayen ilektaron da ba su shiga haɗi ba, yawanci naitirojin, oksijin ko salfa. Waɗanda za su iya kama ƙarfen a cikinsu su ne haƙoran. Etilindayamin yana da naitirojin biyu, haƙora biyu ke nan. Wani ligan da ake kira EDTA na da shida: naitirojin 2, oksijin 4.

Nan kuma nake so ka daɗe. Ɗora yatsa kan ƙarfen, ka bi ta haƙorin farko, ka ratsa kabon ɗin da ke tsakani, ka fito ta haƙori na biyu, ka dawo inda ka taso. Atam nawa ka taɓa? A etilindayamin biyar ne: ƙarfe, naitirojin, kabon, kabon, naitirojin. Zobe mai atam 5 ko 6 shi ke zama daram. Yanzu gwada haidirazin. Shi ma naitirojin biyu gare shi, amma manne suke da juna, zoben zai zama mai atam 3, ya takura sosai. Don haka yakan kama da haƙori ɗaya, ko ya zama gada tsakanin ƙarafa biyu. Kamar awartakin maƙeri ne, in bakinsa bai buɗe daidai ba, ba ya riƙe komai.

Me ya sa kamun ke da ƙarfi haka? Ka gani da idonka a ɗakin gwaji. Gishirin nikel a ruwa kore ne. Zuba amoniya da yawa ya koma shuɗi, ƙara etilindayamin ya rikiɗe ya zama shunayya. Ligan uku sun shiga sun kori amoniya shida. Ƙwayoyi 4 ne kafin haɗin, bayansa 7, kuma wannan ƙarin warwatsuwar ne ke tura haɗin gaba. Log K, wato ma'aunin ƙarfin kamun, na amoniya kusan 8.6 ne, na etilindayamin kusan 18. Ga kuma wani dalili da na fi so: in haƙori ɗaya ya saki, ɗayan na riƙe, wanda ya sakin ba ya nisa, sai ya koma mazauninsa.

Kada ka manta da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, malam. A ruwa mai tsami, haidirojin yakan riga ƙarfe zama kan haƙoran. Shi ya sa in ka ɗebo ruwan rijiya daga Tudun Wada za ka auna kalsiyam da magnisiyam ɗinsa, sai ka kai shi pH 10 tukuna, ka sa Eriochrome Black T, rinin da zai mai da ruwan ja, sannan ka riƙa ɗiga EDTA a hankali. EDTA ɗaya ƙarfe ɗaya yake kamawa, lissafin ba wuya. Da zarar jan ya gushe ya zama shuɗi tsantsa, rufe famfon buret, bututun da kake ɗigawa da shi, ka karanta.